Minti Ukun Katung

Wata Asabar aka wayi gari kowane gida a layin su Katung da 'yar leda a bakin ƙofa. Cikin kowace leda akwai takarda ɗaya da shinkafa kamar cokali biyu, wadda aka zuba don kada iska ta kwashe. Wani ne ya bi layin a mota yana jefawa. Abby, 'yar Katung mai shekara tara, ita ta tsinci tasu, kuma da yake duk gidan babu mai saurin karatunta, kafin ta iso kicin ta riga ta karance.

Takardar ba ta kama sunan kowa ba. Cewa ta yi baƙar fata da baƙin haure sun cika garin, sun lalata makarantu, gara su tattara su koma inda suka fito tun ana shaida juna. A ƙasa an zana biri goye da jakar makaranta. Gida ashirin da biyu ne a layin, uku ne na baƙar fata, a cikin ukun kuma Abby kaɗai ke goya jaka ta je kan kwana jiran bas. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Katung nas ne, mutumin Kagoro, shekararsa goma sha huɗu a wannan ƙaramin gari na gefen Washington. Tsoro ya kama shi sosai, har ya ji kunyar kansa a gaban matarsa Martha. Ya kira 'yan sanda. Wanda ya zo ya karanta, ya girgiza kai, ya ce abin ba daɗi, amma doka ba ta hana mutum faɗin ra'ayinsa ba, sai dai in an kama mai shi a ci shi tarar zubar da shara. Katung ya rubuta wa majalisar garin imel. Na'ura ta amsa masa nan take cewa saƙonsa na da muhimmanci. Daga nan shiru kamar an shuka dusa. Bayan mako biyu ledojin suka sake zuwa.

Abby ta daina fita jiran bas sai an raka ta. Wata safiya a hanya ta tambaye shi, da Turanci kamar kullum, ko waye zai hana mutanen.

"Hukuma," in ji Katung da Hausa. "Ni da kaina zan je in gaya musu. A gabanki ma."

Abu biyu yake so. Majalisa ta fito fili ta ce wannan abu bai da wurin zama a garin, sannan a sa kyamara a kwanar da bas ke tsayawa. Ya samu labari duk Talatar farkon wata 'yan majalisar bakwai na zama, kuma kowane mazaunin gari na iya tashi ya yi magana ta minti uku. Ya sa sunansa.

To, a nan sai an san wanene Katung. Daga garin Clinton har garin Wheaton, ba a ɗaurin aure ko godiyar coci ta 'yan Kudancin Kaduna ba tare da an miƙa masa makirufo ba. Mutum ne da bai taɓa tsallake babba a wurin gaisuwa ba. Ya san wanda za a fara ambata da wanda zai biyo, ya san sarautar kowa da digirin kowa, har da na matar da ba ta samu zuwa ba. A ganinsa wanda ya shiga wurin manya ya faɗi buƙatarsa kai tsaye, ko dai mahaukaci ne ko ba shi da iyaye. Kwana huɗu ya yi yana haddace sunayen 'yan majalisar da ayyukan da kowannensu ya yi wa garin.

"Baban Abby, minti uku ne fa," Martha ta ce masa tana goge masa kaftani. "Ba bikin 'yar abokinka Yashim ba ne. Ka ɗaga takardar nan ka nuna musu, shi ke nan."

"Maman Abby, za ki koya mini magana a gaban manya? Mutum ba ya jin kukanka sai ka fara ba shi girmansa."

"Manyan nan ba irin namu ba ne."

"Babba babba ne ko a ina."

Ta ninke kaftanin. Tana da aiki a asibiti ran nan, don haka shi da Abby suka tafi.

Ƙarfe shida na yamma aka fara, rana ba ta ko faɗi ba. Ɗakin bai cika ba. Wani dattijo ya tashi kan maganar kwashe ganyen bishiya, ya faɗi sunansa da adireshinsa, ya zazzaga wa majalisar masifa, ya zauna, duka bai kai minti ɗaya ba. Ko sannu bai ce musu ba. Katung ya dubi Abby ya girgiza kai, don ta ga abin da ake kira rashin tarbiyya.

Aka kira shi. A kan teburin magana akwai 'yar na'ura mai fitila uku. Magatakarda ta ce ya faɗi suna da adireshi don a rubuta, haka ƙa'ida take. Ya faɗa dalla-dalla, da lambar gida da sunan layi. Koriyar fitila ta kama.

Ya fara da shugabar majalisa, Madam Linda. Ya gode mata kan gyaran laburare, ya yi mata fatan lafiya da ita da iyalinta. Matar ta ɗago kai daga takardunta, fuskarta ta washe. Ya koma kan mataimakinta, tsohon soja, ya yaba hidimar da ya yi wa ƙasa. Na uku ya gyara zama tun kafin a zo kansa. Gaskiya Katung ya iya, muryarsa ta cika ɗakin, har mai maganar ganye ya daina latsa waya. Yana kan ta biyar fitila ta koma rawaya. Ya gani sarai, ya kuma san ma'anarta. Hannunsa ya kai aljihu ya taɓa ledar takardar da ya zo da ita. Amma saura mutum biyu, suna kallonsa suna jiran nasu, kuma a ce ka gaida biyar ka bar biyu, ai gara ba ka gaida kowa ba. Ya ƙara sauri. Ya gama da na bakwai, ya ja numfashi, ya ce, "Yanzu abin da ke tafe da ni…"

Jar fitila ta kama. Makirufon ya mutu.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Madam Linda ta ce shekara tara tana kan kujerar nan, ba a taɓa zuwa an gode musu haka ba, kullum ƙorafi. Katung ya ɗaga hannu ya ce bai gama ba. Ta ce ayya, ƙa'ida ce, kowa minti uku, amma ƙofa a buɗe take wata mai zuwa, ko ya rubuto imel. Aka kira na gaba.

Da aka tashi ta zo da kanta ta kama hannunsa da hannu biyu. Ya ciro ledar ya fara bayani. Ta ce eh, ta ji labarin takardun, abin takaici ne, suna duba lamarin, sai dai wani lokaci yin magana a kan irin waɗannan mutane ƙara musu suna ne kawai. Sannan ta ga Abby, ta tambayi sunanta da ajinsu, ta ce dole a yi hoto. Babba ya ce a yi hoto, Katung bai san yadda ake cewa a'a ba. Ya mayar da ledar aljihu ya tsaya.

A mota Abby ta ce, "Baba, ba ka gaya musu ba."

"An fara," ya ce. "Irin wannan magana ba a gama ta rana ɗaya."

Washegari da la'asar Martha ta miƙo masa wayarta. Majalisar ta sa hoton a shafinta na intanet, ga Madam Linda, ga Katung cikin kaftani, ga Abby a tsakiya tana murmushi. An rubuta cewa wani mazaunin gari da 'yarsa Abby, 'yar aji huɗu, sun zo nuna godiya, shaida ce cewa garin gida ne ga kowa. A ƙasa an liƙa bidiyon zaman gaba ɗaya, har da inda ya faɗi adireshinsa. Mutane sun yi ta yabo, wata ta ce kayan sun yi kyau. Can ƙasa wani mai shafi babu hoto ya rubuta lambar gidan Katung da sunan layin. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Abby ta leƙo ta kafaɗarsa ta ga kanta, ta yi tsalle, ta ce a buga mata hoton ta manna a jikin firij.

"To," in ji Katung.

Ya miƙa wa Martha wayar. Ya buɗe durowar kicin ya ɗauki sukundireba, ya fita waje, ya durƙusa gaban akwatin wasiƙu ya fara kwance lambobin gidan da ke jikin akwatin ɗaya bayan ɗaya.