Takardun Kotun Alƙali

Inuwa magini ne, yana cikin masu gyaran tsofaffin gidajen ƙasa a Dir'iyya, can ƙasar Larabawa. Wata rana ana hutun azahar, Balaraben da ke duba aikinsu ya dafa wani tsohon bango, ya jero sunayen kakanninsa da suka zauna a unguwar, ko numfashi bai ja ba. Sannan ya ce, "Kai fa, ya Inuwa?"

Inuwa ya faɗi sunan mahaifinsa, ya faɗi na kakansa Buraima, daga nan ya tsaya. Abin ya tsaya masa a rai.

Iyakar abin da ya sani, Buraima daga gabas ya zo ƙauyensu, kuma a gaban alƙali ya sayi gonar da suke nomawa. To, alƙalan wancan zamani ba sa rubuta ciniki sai da sunan uban mutum da garinsa. Ya tuna yana yaro ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye takardun tsohuwar kotun, ɗauri-ɗauri har rufi. Sai ya kira ƙanwarsa Safiyatu, malamar firamare can gida, ya ce ta je sakatariyar ƙaramar hukuma ta nemo masa.

Ranar Juma'a yana cin abinci a unguwar Batha ta kira shi.

"Yaya, na je. Babu takardun."

"Kamar yaya babu?"

"Ɗakin aka mayar sito na takin zamani. Wai an fito da su waje, ruwan sama ya jiƙa wasu, gara ta ci wasu. Sauran kuwa, masu ƙosai da masu tsire suka kwashe."

Inuwa ya ture kwanon gabansa. Ya karɓi lambar jami'in da ke kula da sitocin, ya kira shi nan take.

"Ranka ya daɗe, da gaske ne kun ba masu tsire takardun kotu?"

"Malam, tarkace ne fa," in ji jami'in, yana taune-taune. "Rabi ajami ne, babu mai iya karantawa. Sabon ciyaman ya ce a share ɗakin."

"Tarkace? Aure da gādo da iyakar gonakin gunduma guda ne tarkace? Ni nan bangon ƙasa nake lallaɓawa kamar jariri, in na ɓantare shi a kore ni, don kawai kakan wani ya jingina da shi. Ku kuwa sunan kakana kuka naɗe nama da shi!"

"To ka dawo gida ka gyara mana, tunda ka waye," jami'in ya ce, ya kashe waya.

Inuwa ya miƙe a fusace, har masu cin abinci suna juyowa.

Washegari Safiyatu ta bi masu sana'ar bakin tasha ɗaya bayan ɗaya. Wata mai ƙosai ta ciro mata ragowar ɗauri daga ƙarƙashin benci, ta ce da ta san abin da ke ciki da ba ta taɓa ba. Shari'un wani ƙauye ne daban, babu Buraima a ciki.

"In bar mata?" Safiyatu ta tambayi Inuwa a waya.

"Kada ki bar ko guntu," in ji Inuwa. "Kakannin wasu ne. Ki shanya su, ki sa a akwatin Inna, ki kulle. Kuma ko ciyaman ne ya aiko, kada ki bayar."