Abin da Gammo Ya Gani

Nasiba na durƙushe a gindin tudu tana ɗaure kamara a bakin daro da tsumman zane, kakarta Fatsima na tsaye a kanta tana naɗe gammo.

"Ƙara tamkewa," in ji tsohuwar. "In abin nan ya hwaɗi, kada ki zo ki cika mani kunne da kuka."

"Ba shi hwaɗuwa, Kaka. Ke dai ki yi tahiyarki kamar yadda kika saba."

Nasiba tana karatun fim a wata makaranta a Yamai. Malaminsu ya ba su aikin gajeren fim na gwaji: babu labari, babu 'yan wasa, kuma ɗauka ɗaya tak, daga kunnawa zuwa kashewa, ba a yanke komai ba a liƙa komai. 'Yan ajinsu suka bazu cikin birni suna ɗaukar fitilu da gada. Ita ta hau kar, babbar motar fasinja, ta taho ƙauyensu, can tsakanin Buza da Keita, kuma gobe da safe take komawa.

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san jerin duwatsun da ke kwance a gangaren tuddai, masu tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasar noma. Mata suka kai su can bisa kawunansu, zamanin porje, wato aikin raya karkara da aka kawo bayan shekarun yunwa. Fatsima na cikinsu, kuma a nan ta samo ɗingishin da take yi har yau. Nasiba ba ta son hoton duwatsun, ba ta son tsohuwa zaune tana ba da tarihi. So take mai kallo ya hau kan kakarta kamar yadda dutse ya hau, ya ji kowane taku a cikin idonsa.

Ta sa wani ɗan dutse cikin daron. Fatsima ta leƙa, ta yi tsaki.

"Wannan na jihwar kare ne. Ɗauko wancan."

Suna cikin haka moto, wato babur, ta tsaya a bayansu. Kawu Hamani ne, ɗan Fatsima na fari, dillalin albasa a Madawa, cikin farar shadda da hula mai aiki. Wani ya buga masa waya tun da safe, don a ƙauyen nan ba a rasa mai bugawa.

"Ke, Nasiba! Mi nike gani haka?"

"Ina kwana, Kawu. Aikin lakwal ne, malaminmu ya sa mu."

"Aikin lakwal? Lakwal ta ce ki aza ma uwata dutse? Na gina mata ɗakin siminti, na sa mata kwano, ko ruwa ba ta ɗauka. Yanzu ki kai ta Yamai a silima da daro bisa kai, a ce ɗiyanta sun yashe ta?" Ya juya ga tsohuwar, ya sassauta murya. "Inna, in hoto kike so, ga kujera, ga sabon zanen da na aiko da salla. A ɗauke ki kamar mutuniyar kirki."

"Da daron ba mutuniyar kirki ba ce ni?" in ji Fatsima.

"Ba haka na ce ba."

"Kawu, huskarta ma ba ta hitowa," in ji Nasiba. "Hanya kaɗai za a gani."

"To wane irin fim ne wannan, babu huska? Shekara nawa muna jira ki zo da abin nuna ma mutane, sai hanya?"

"Shi nike so."

Yaran yanzu ba su sunkuyar da kai in babba na faɗa, kuma Nasiba ba ta sunkuyar ba. Amma ta san ƙugun kakarta hawa ɗaya zai iya yau. In wannan ya lalace, babu na biyu.

Fatsima ta ɗora gammo. "Aza mani."

Nasiba ta danna maɓallin kamara, jar fitila ta kama. Ta ɗaga daron ta aza, ta koma baya inda kamara ba ta ganinta, ta kama bakinta.

Tsohuwar ta soma hawa. Taku ɗaya daidai, na biyu ya karkata hagu, daron ya karkata tare da ita. Hamani ya sha gabanta ya tsaya. Ta kewaye shi kamar kututture ta wuce. Ya bi ta yana magana ƙasa-ƙasa, tsakuwa na shiga takalminsa, ba ta ko dube shi ba. A tsakiyar gangaren numfashinta ya yi ƙarfi har Nasiba na jinsa daga baya. Ƙafar hagun ta zame, ta dafe gwiwa, ta tsaya.

Hamani ya yi wuf ya kama bakin daron da hannu biyu. Nasiba ta ga ya sauke shi, ta ga yatsunsa dab da tsumman da ta ɗaure, ta ce shi ke nan. Bai taɓa tsumman ba. Ya tsaya yana huci, ya cire hularsa ya ajiye bisa hanya, ya karɓi gammon daga kan uwarsa ya ɗora nasa kan, ya cicciɓi daron.

"Wuce gaba, Inna," ya ce. "Ni ban san inda ake kai shi ba."

Fatsima ta wuce. Haka suka hau har jerin farko, inda ta nuna masa wata kafa da ruwan bara ya ɓalle, ya juye dutsen a ciki. Sannan Nasiba ta zo ta kashe.

Suka zauna a inuwar wata ƙaya, suka haɗa kai bisa ɗan gilashin kamarar. Da fari hanya ce kawai, tana tangaɗi hagu, hagu, da ƙarar tsakuwa da numfashi. Sai farar shadda ta tare komai, ta gushe. Sai ƙasa ta yi sama. Sai fuskar Hamani ta cika gilashin, hanci da gumi, bakinsa na rawa kamar na yaron da aka tsawata wa. Daga nan hoton ya daidaita, ya ɗan ƙara tsawo, kuma ga bayan wata tsohuwa a gaba tana hawa, ba kaya a kanta, amma wuyanta a miƙe kamar akwai.

"Wace ce wannan mai ɗingishi?" in ji Fatsima.

"Ke ce, Kaka."

Tsohuwar ta matso da ido. "Ikon Allah. Ban taɓa ganin bayana ba."

Hamani ya share fuska. "To, kin samu abin da kike so. Ki yanke wurin da na hito."

"Ba a yankewa, Kawu. Ɗauka ɗaya ce."

"To goge shi duka, a sake."

"Da wuyan wa?" in ji Fatsima.

"Nasiba, ina da abokan ciniki a Yamai. Su gan ni da daro bisa kai, baki na rawa?"

"Su gani. Shi ne wurin da ya hi kyau."

"Da ni kike magana haka?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba ni gogewa."

Ya miƙo hannu a ba shi kamarar. Nasiba ta buɗe gefenta, ta zare ɗan katin da fim ɗin ke ciki, ta sa a tafin hannun kakarta, sannan ta miƙa masa kamarar da hannu biyu cikin ladabi.

Fatsima ta juya katin, ta ga bai kai ɓawon gujiya ba. Ta jawo haɓar zanenta inda take ƙulle goro, ta sa shi ciki, ta ƙulle, ta ƙara ƙulli, ta soke a ƙugu.

"In kana so, zo ka kwance," ta ce.

Hamani ya dubi ƙugun uwarsa, ya dubi kamarar da ke hannunsa. Can ƙasa bisa hanya wata akuya ta sami hularsa tana shinshinawa. Ya ajiye kamarar a cinyar Nasiba, ya kaɗe jar ƙasar da ke kafaɗar shaddarsa, ba ta fita ba, ya gangara ya tafi korar akuya.