Cif ɗin Kawu Sabitu

Alhaji Sabitu dillalin hatsi ne a Kasuwar Muda Lawal, kuma tun yana saurayi bai taɓa sayar da abin da ba a aunawa da mudu ba. Da Allah ya buɗa masa, sai ya gina cibiyar koyar da kwamfuta a hanyar Inkil, ya ɗauko 'yar ƙanwarsa Sauda, wadda ta karanta injiniyan lantarki a jami'ar da ke Gubi, ya damƙa mata azuzuwan. Matasa na zuwa suna koyon buga takardu, kowa na zaune lafiya, har ranar da Alhaji ya ji a rediyo cewa manyan ƙasashe na neman bai wa hammata iska a kan wani ɗan abu da ake kira cif, wanda ke cikin kowace waya da mota, kuma bai kai girman farce ba.

Washegari ya shigo cibiyar kafin ya wuce kasuwa.

"Sauda, wannan cif ɗin, an koya muku shi a makaranta?"

"An koya mana yadda ake zana shi, Kawu. A takarda."

"Me ya hana a yi shi a nan?"

Ta fara yi masa bayani cewa zanen daban, ƙirar daban, kuma masana'antar da ke ƙera shi ta fi ƙarfin jiha guda. Abin da za a iya yi a Bauchi shi ne zanen, in an samu kwamfuta mai ƙarfi. Alhaji ya saurare ta da kyau yana gyaɗa kai. Daga cikin jawabin nata gaba ɗaya, kalmomi biyu ya tafi da su: "za a iya".

Ba a jima ba sai ga Nnaemeka, mai shagon kwamfuta a Wunti, ya iso da keke napep. Shi da direban suka shigo da wani akwatin ƙarfe suna nishi. Irin kwamfutar da injiniyoyi ke aiki da ita ce a ƙasashen waje, amma kallo ɗaya za ka yi mata ka san ta ci zamaninta ta soma cin na wasu.

"Injiniya, ka duba shi," in ji Nnaemeka, wanda a Hausarsa kowa namiji ne. "Wannan ba kwamfuta na yara ba. Da shi Bature ya yi cif."

"Wane Baturen, Oga Nnaemeka? Yana raye?"

Ya yi dariya, ya kunna. Injin ya ɗauki ƙugi kamar firij ɗin mai sayar da ƙanƙara. Da allon ya haska, Sauda ta ga wani tsohon tsarin Yuniks ne a ciki, irin wanda ta taɓa gani a hoto kawai. Ta ji haushi, amma kuma wani daɗi ya ɗarsu a ranta. Tun da ta gama makaranta take koyar da yadda ake sa rubutu a tsakiyar shafi. Wannan ne karo na farko da wani ya ajiye mata aikin da ta karanta.

Manhajar zanen cif ɗin kyauta ce, ta sauko da ita a laptop ɗinta, ta juye a injin. Matsalar ita ce ba a shirye take zuwa ba. Rubutu ne zalla na masu shirya manhaja, sai an bi da shi ta wata manhajar mai suna kwamfaila, wadda za ta mayar da shi abin da injin zai iya gudanarwa.

"Kamar a ba ka buhun masara ne, Kawu," ta ce da ya zo da la'asar. "Sai an kai niƙa kafin a yi maganar tuwo."

"To a kai niƙan mana."

"Injin niƙan ne babu a ciki."

Ta samo kwamfailar, sai ta ƙi zama, wai tana buƙatar wani ƙunshin manhaja. Ta samo ƙunshin, shi kuma ya ce ba zai haɗu ba sai da kwamfaila. Ta koma ta tono wata tsohuwar kwamfaila da za ta haɗa sabuwar. Ana tsakiyar wannan aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta komai ya mutu. Haka ta yi ta fama, tana koyar da ajin safe, da rana ta zauna gaban injin fankarsa na hura mata iska mai zafi a ƙafa.

A ƙarshe ta kai ga manhajar kanta. Ta ba da umarni, rubutu ya fara gudu a allo, layi na korar layi. Ya yi ta gudu har ta fara murmushi, sannan ya tsaya cak da saƙon kuskure. Ta gyara abin da take zato, ta sake. Maimakon ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai ya koma tun farko, ya sake gudu, ya sake mutuwa a wuri guda. Haka gobe, haka jibi.

Alhaji kuwa abin ya burge shi ƙwarai. Yakan ja kujera ya zauna yana kallon rubutun na gudu, carbi a hannu.

"Ikon Allah. Duk wannan shi kaɗai yake rubutawa?"

"Kawu, faɗuwa yake yi."

"Kowa ma yana faɗuwa. Ke dai ki shirya, na gaya wa mutanen kasuwa su zo ranar Asabar su gani."

Sauda ta roƙe shi ya ɗaga ranar. Ya ce an riga an yi wa mai tuyar masa magana.

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. 'Yan kasuwar hatsi suka zo, da masu atamfa, da Ɗanlarai mai sayar da huluna, abokin Alhaji tun na ƙuruciya. Nnaemeka ya zo da kwat. Liman ya yi addu'a, ya haɗa da injin a ciki. Sannan aka shiga ɗakin rukuni-rukuni, Sauda ta danna umarnin tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Rubutu ya fara gudu. Wani dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Da injin ya kai wurin mutuwarsa ya tsaya, sai wani ya tambayi abin da layin ƙarshe ke cewa. Layin yana cewa ne an samu kuskure mai lamba biyu. Kafin Sauda ta buɗe baki, Nnaemeka ya riga ta.

"Ya gama mataki na biyu ke nan."

Aka yi kabbara. Rukuni na gaba suka ce su ma a nuna musu mataki na biyun, ta sake dannawa, ya sake faɗuwa, aka sake kabbara. Ranar manhajar ta faɗi gaban kusan duk wani mai faɗa a ji a layin hatsi, kuma ba a taɓa yaba wa Sauda irin na ranar ba. Wata 'yar'uwar mahaifiyarta har ta rungume ta tana hawaye.

Da aka watse ta tare Nnaemeka a bakin ƙofa.

"Oga, ka san ƙarya ka yi."

"Injiniya, ni na sayar da injin. Ka so in ce ya lalace gaban Alhaji?"

Ranar Litinin ta dawo da zuciya a dagule. Duk kwanakin nan layukan ƙarshe take karantawa, inda abin ke mutuwa. Wannan karon ta dakatar da gudun tun daga farko, ta bi a hankali. Can sama, inda rubutun ke wucewa kafin ido ya kama, ta ga wani gargaɗi: wai fayilolin manhajar daga nan gaba suka zo. Ta tambayi injin kwanan wata. Ya ba ta wata shekara da ko mahaifiyarta ba ta yi aure ba a lokacin.

Batirin agogon cikinsa ne ya mutu. Duk lokacin da aka kashe shi sai ya manta ranar, ya koma can baya. Shi ya sa duk abin da ya haɗa yake ganinsa ya girmi rubutun da aka haɗa shi da shi, sai ya rushe ya sake, har ya shiga neman wasu kayan aikin da babu su. Ta gyara kwanan watan da layi ɗaya, ta share tarkacen baya, ta sake ba da umarni. Rubutun ya yi gudu, ya wuce wurin mutuwarsa, ya ci gaba, ya ƙare shiru ba tare da ƙorafi ba.

Ta buga sunan manhajar. Wata taga baƙa ƙirin ta buɗe, babu komai a cikinta sai 'yar alamar linzami. Sauda ta jingina da kujera, idanunta suka ciko. Ta kira Alhaji a waya ta ce ya zo yanzu.

Ya zo da Ɗanlarai. Ya leƙa allon, ya dube ta.

"Ina rubutun?"

"Ya gama, Kawu. Manhajar ke nan. Ta yi!"

"Wannan baƙin? Sauda, ranar Asabar lafiyarsa ƙalau. Me kika taɓa?"

Sai kawai ta ja linzami ta shiga zane. Ta shimfiɗa koren murabba'i, ta ratsa shi da jan layi, ta ɗora shuɗayen layuka sama da ƙasa, ɗaya na kawo wuta, ɗaya na mayarwa. Mafi ƙanƙantar da'irar lantarki ce a aikin cif, wadda ke juya e ta koma a'a. Ta kwafe ta ta jera da yawa, allon ya cika da launuka a tsare. Wannan ne zanenta na farko da ba a takarda ba.

Alhaji ya ce to Allah ya sa albarka, da muryar wanda aka kawo wa sakamakon ɗansa ya ga ba yabo ba fallasa. Ya ƙara da cewa in baƙi sun zo, ta riƙa sa musu na farkon.

Ɗanlarai ne ya matso har hancinsa na neman taɓa allon.

"'Yata, za ki iya fitar mini da wannan a takarda? Da launinsa?"

Ta fitar masa, tana murna an samu mutum ɗaya da ya gane. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Ta buɗe ajin zanen cif. Da yawa suka yi rajista, da suka ga lissafi ne suka zame, aka bar mata 'yan kaɗan, ciki har da Madina, wata ɗalibar Gubi da ke hawa mota biyu kafin ta iso. Da su take aiki har yanzu. In baƙi sun zo, takan sa injin ya sake haɗa manhajar daga farko don su ga rubutu na gudu, Alhaji na tsaye a gefe yana bayani.

Gab da babbar sallah Sauda ta shiga keke napep daga Wunti. Wani magidanci ya zauna gaba kusa da direba, sanye da sabuwar hula. Kore, ja ya ratsa, shuɗi sama da ƙasa, an jera zagaye da kai. Ta ƙura wa hular ido. Direban ya lura ya ce ai ita ake yayi, a shagon Ɗanlarai ake samu, sai ma ka yi oda.

Aikin ya yi kyau, zaren ya kwanta. Sai dai mai ɗinkin ya ga tazarar da ke tsakanin shuɗayen layukan nan biyu ba ta yi masa ba, ya haɗe su da wani ɗan layi a kowane gida. Wuta ta haɗu da wuta ke nan kai tsaye. Da a cif ne, da an kunna zai ƙone.

Magidancin ya ji ana kallonsa, ya waiwayo, ya ga budurwa ta kafe shi da ido. Ya gyara zaman hular, ya karkata ta gefe kaɗan.

"Ta yi ko, Hajiya?"

"Ta yi, Alhaji," in ji Sauda. Ta ce wa direba ya sauke ta a kwanar Inkil.