Haƙarƙari Biyu

Wata huɗu ke nan Gwaggo ba ta amsa gaisuwar Tela. Shagonsa na kallon ƙofar gidanta, amma in ta fito sai ta kau da kai kamar ta ga mushe. Duk wanda ya tambaya, maganarta ɗaya ce: shi ya kashe mata miji.

A gaban idonta aka yi. Wata safiya maigidanta ya fito zai wanke fuska, ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa. Kafin ta ajiye tsintsiya Tela ya tsallako hanya da tef ɗin awo a wuya. Ya girgiza tsohon, ya kara kunne a hancinsa, ya tura a nemo mota. Sai kawai ya durƙusa, ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ya shiga dannawa iya ƙarfinsa. Da kunnenta ta ji ƙashi ya ce ƙas. Ta rufe shi da duka da tsintsiyar, ta finciko shi ta wuyan riga, yana ta cewa, "Gwaggo, ki bar ni, ba a tsayawa." Ta tayar da mijinta zaune, ta jingina shi a jikinta, tana yayyafa masa ruwa tana fifita har mota ta zo. A asibiti aka ce rai ya yi halinsa, aka kuma ce haƙarƙari biyu sun karye. Biyun nan ta riƙe, ta bi gida-gida da su. Mata suka kwashe ɗinkinsu, keken Tela ya yi tsit.

Ran nan ta ji mutanen da suka koya masa wannan ta'asa sun dawo, suna makarantar firamare. Ta ja takalmi. So take su rubuta a takarda cewa ɗalibinsu ya yi kisa, su kuma tattara su bar garin.

An ture bencuna jikin bango. A ƙasa, kan shimfiɗa, ga wani mutum-mutumin roba, ba hannu ba ƙafa, baki a buɗe. Mutane sun kai talatin, Tela na can lungu a rakuɓe. Wata malamar asibiti mai tabarau ce ke bayani, yarinyar da ba za ta girmi autar Gwaggo ba.

"Ke ce babbar nan?"

"Ni ce mai koyarwa, Mama. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunki. Ku kuka koya wa wancan ya hau ƙirjin mutane?" Ta zayyana komai, ba ta rage komai ba sai zancen tsintsiya.

Malamar ta saurara har ƙarshe. "Allah Ya jiƙan Baba. Da ya faɗi, kin kira shi ya amsa?"

"Da ya amsa zan zo nan?"

"Yana numfashi?"

Gwaggo ta tuna ƙirjin nan a jikinta, ba ya hawa ba ya sauka.

"Mama, in zuciya ta tsaya, jini ya tsaya. Dannawar nan ita ke tura jini zuwa kai kafin a isa asibiti. Dole a danna da ƙarfi da sauri, mutum yana kwance a ƙasa mai tauri. Haƙarƙari kan karye, balle na tsoho. Ƙashi yana ɗoruwa. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta rasa jini na 'yan mintoci, shi ke nan." Ta waiwaya lungu. "Malam, minti nawa ka yi?"

Rabin mutanen ajin suna wurin ranar da abin ya faru.

"Bai kai biyu ba," in ji Tela, idonsa a ƙasa. "Hannuna ne ya gaji."

Wata huɗu Gwaggo tana cin naman yaron nan, yau ga shi yana rufa mata asiri da ƙarya. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ƙarya yake," ta ce. "Ni na cire shi. Da tsintsiya."

Ta juyo wajen malamar.

"Ke 'yar nan, kada ki lallaɓa ni. Da na bar shi, da ya tashi?"

"Ban sani ba, Mama. Da yawa ba sa tashi ko an yi komai daidai. Wasu kuma suna tashi."

Wasu suna tashi. Gwaggo ta nemi inda za ta sa idonta ta rasa, sai kan allo, inda aka zana abubuwan da ba ta iya karantawa. Kunyar ta yi mata yawa, ta juye faɗa, don shi ta iya.

"To ku ma ku ji naku. Bara kun zo kun zaɓi maza shida masu karatu, kun koya musu kun tafi. In tsoho ya faɗi da safe, wa ke gida? Mai karatu? Mu ne, da tsintsiya a hannu. Ko a lasifika ba ku ce mana in mun ga ana danna ƙirji mu ƙyale ba. Ni na ga ƙato a kan mijina, me kike so in yi, in kawo masa kujera?"

Wata mata ta yi dariya ta haɗiye. Malamar ta cire tabarau ta goge.

"Wannan laifinmu ne. Zan rubuta shi yadda kika faɗa, in kai wa na sama da ni."

"Ki rubuta, ki karanta min in ji. Ni ba a yi min wayo da biro." Ta nuna robar da haɓa. "Matsa."

Gwiwoyinta suka yi ƙara da ta durƙusa. Malamar ta gyara mata hannu, ta miƙe mata gwiwar hannu. Ta danna.

"Ƙara ƙarfi, Mama. In ya kai yadda ake so, za ki ji ya yi ƙara."

Ta sake dannawa da nauyin jikinta duka. Robar ta ce ƙas.

Hannunta ya sandare. Sautin nan ne, shi ɗin dai, na bakin ƙofa.

"Gwaggo, ba a tsayawa," in ji Tela a hankali. Ya matso ya tsuguna gefenta ya fara ƙirga mata. Ɗaya, biyu, uku. Ta bi bakinsa, hawaye na ɗiga a ƙirjin robar, har talatin.

Da ta gama ta kasa tashi. Shi ya miƙo hannu, ta kama ba ta dube shi ba. Ta juya wajen matan da ke jikin taga.

"Duk wadda ta kwashe ɗinkinta saboda bakina, ta mayar. Gida-gida na bi na ɓata shi, gida-gida zan bi in gyara."

Ta sunkuya tana neman takalminta ɗaya a ƙarƙashin benci, ta daɗe tana nema alhali yana gabanta.

"Ɗan nan," ta ce, kanta a ƙasa, "ina kwana."

Rana ta riga ta raba tsaka, amma ya amsa.