Wasiƙar Malam Iliyasu ga Masu Ɗab'i

Malam Iliyasu ya kife littafin a kan tabarma, ya ja tsakin da ya watsa kajin tsakar gida.

Hedimastansu na firamaren Ikara ne ya ara masa shi, shekara biyu da samun mulkin kai, lokacin da kowane ɗan boko ke jin shi ma marubuci ne. "Labarin wasu ne da suka rasa 'yarsu ta fari, kamar ku," in ji shi. "Karanta, za ka ji sanyi."

Ina sanyi! Uban cikin littafin sai birgima yake gaban masu ta'aziyya, yana ƙwala kiran sunan yarinyar shafi bayan shafi. 'Yar fari fa! Shi Malam Iliyasu shekara shida ya yi da tasa, kunya ba ta taɓa barinsa ya kama sunanta ba. Da ƙyanda ta ɗauke ta, ya yi zaman makoki ido a bushe, dattawa na yaba dauriyarsa. Wata huɗu ke nan kewa na cinsa, yabon nan ya hana shi buɗe baki.

Matarsa Atika ta ɗago daga tankaɗe. "Malam, lafiya?"

"Ƙarya zalla aka buga. Mutumin nan bai taɓa binne kowa ba. Yau sai masu ɗab'in sun ji daga gare ni."

Ya jawo takarda. "Ku faɗa wa marubucinku uba ba ya haka. Uba shiru yake yi. In ya taso daga makaranta yakan rage tafiya a zaure, ko za a rugo a karɓi jakarsa. Yakan sayo rake a kasuwar Makarfi, sai a hanya ya tuna ba mai sha." Daga nan alƙalami ya ƙwace masa, har shafi uku.

"To karanta min abin da ka ce musu," in ji Atika, don ba ta iya boko ba.

Ya fara da muryar aji, can sai ya yi turus. Ga sunan nan ɓaro-ɓaro da rubutun hannunsa. Ya bi shafukan da ido, ya same shi har sau tara.

"Me ya tsayar da kai?"

"Sunanta ne."

Atika ta goge garin hannunta da zane, ta matso. Ita ma ba ta taɓa furta shi ba. Ya nuna mata, ta ɗora yatsa a kai.

"Ashe haka yake. Faɗi mana, Malam. Ba kowa a gidan."

"Jamila," in ji shi. Suka yi kukan da ba su yi ba a makoki.

Washegari hedimasta ya tare shi. "Yaya ka ga littafin?"

"Shirme ne, ranka ya daɗe."

"To, dawo min da abina."

Malam Iliyasu ya gyara hula. "A ɗan ƙara min kwana biyu. Mai ɗakina ta ce in karanta mata."