Ranar da Zubaidatu Ta Yaye Bargon

Riyal ɗari tara! Zubaidatu ta karanta saƙon sau uku tana tsaye a ƙofar shagon ɗinkin da take aiki a unguwar Mansur. Ofishin kula da tsofaffi na unguwa ne ya turo. Daga watan gobe, kuɗin zuwan Samah ya tashi daga ɗari da hamsin zuwa ɗari tara.

Samah ita ce ma'aikaciyar da ofishin ke turowa sau uku a mako ta yi wa Hajiya Mairama, mahaifiyar Zubaidatu, wanka, ta juya ta, ta wanke mata gyambon kwanciya. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da tsohuwar. In babu Samah, dole Zubaidatu ta bar aiki, in ta bari kuwa ko haya ba za su iya biya ba.

Ƙa'idar ofishin ita ce duk shekara jami'a ta zo ta duba gida, ta tambayi abin da ke shigowa, a yanka wa mutum kuɗi daidai ƙarfinsa. Ranar da ta zo bana, Zubaidatu na shago, ɗinkin abayoyin azumi ya sha kansu. Sai da ta komo gida ta ji labari a bakin Rakiya maƙwabciyarsu, wadda ke ba da shi har da murna.

Wai da Hajiya ta ji baƙuwa za ta zo daga ofis, sai ta aika a kira Rakiya. Aka aro darduma sabuwa, aka aro labule, aka kawo bargo mai laushi aka lulluɓe ta har wuya. Aka turare ɗaki, aka jera gahawa da dabino mai tsada, har da 'yan kunnen zinariyar Rakiya aka maƙala mata. Da jami'ar ta tambaya ko akwai mai taimaka musu, sai Hajiya ta ce ɗanta Mukhtaru na Jidda, duk wata sai ya aiko. Mukhtarun da rabonsa da ko kiran waya tun babbar sallar bara! Kai, wannan abu da ban haushi yake.

Zubaidatu ta faɗa ɗaki ko mayafi ba ta cire ba.

"Ummi, me kika yi mana haka?"

"Me na yi? Baƙuwa ce ta zo. So kike ta fita ta ce gidan mahaifinki Malam Abdulsalami bara ake yi?"

"Ai talaucin ta zo aunawa, Ummi! Shi za ta rubuta!"

"To, ni ban iya ba," in ji tsohuwar, ta rufe ido.

Sau huɗu Zubaidatu tana zuwa ofishin. A ce mata ta cika takarda, ta cika, a ce ta dawo jibi. Wani ma'aikaci ya juyo mata da allon kwamfuta ya ce, "Ga shi nan, da bakinta ta faɗa." Wato mutum ya shekara saba'in yana rufa wa kansa asiri, rana ɗaya a mayar masa da shi laifi, a ci shi tara. Da ƙyar aka yarda a sake dubawa.

Jami'ar, Abir, ta dawo wata Talata bayan azahar. Wannan karon Zubaidatu ta gargaɗi Rakiya kada ta kuskura ta shigo da ko cokali. Ɗaki na nan yadda yake, leda a ƙasa, na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti.

"Ya jikin, Hajiya?" Abir ta tambaya da Larabci.

"Alhamdu lillahi, 'yata. Ba mu rasa komai ba. Ɗana Mukhtaru..."

Abir ta ɗaga biro za ta rubuta. Zubaidatu ta ga aikinta da hayarsu suna shirin tafiya a kan tsinin biron nan, zuciya ta ɗebe ta. Ta kama gefen bargon ta yaye.

Katifa jiƙe take. Ga tsumman da ake yi wa tsohuwar ƙunzugu da shi saboda na kanti ya fi ƙarfinsu, ga gyambon a kwankwaso. Warin ya cika ɗakin.

"Rubuta wannan!" in ji Zubaidatu, tana kuka. "Mukhtaru bai aiko da riyal ɗaya ba. Zinariyar ma ta aro ce. Rubuta!"

Abir ta sunkuyar da kai ta yi ta rubutu. Hajiya Mairama ta miƙa hannunta mai lafiya tana laluben bargon, ba ta kai ba. Sai ta ce da Hausa, a hankali, don kada baƙuwar ta gane:

"Shekara hamsin ina garin nan, ko mahaifinki bai taɓa ganina haka ba."

Bayan mako guda saƙo ya zo, kuɗin ya koma ɗari da hamsin. Samah ta ci gaba da zuwa, Hajiya na ba ta jikinta ba musu. Amma ranakun da babu Samah, in Zubaidatu ta shigo da ruwan ɗumi da tawul, sai tsohuwar ta damƙe bakin bargon, ta juyar da fuska bango.

"Ajiye," takan ce. "Zan jira yarinyar ofis."