Tayin Kilishi a Tsaunukan Shenandoah

Ni dai na iya fara abu, ƙarasawa ce ba ni da ita. Injin motsa jikin da na saya shekara huɗu da suka wuce yana nan a gidanmu na Greenbelt, matata Furera tana shanya mayafanta a kai. Shi ya sa da 'yata Mubina ta ce ta rubuta sunanmu a tafiyar kwana uku cikin tsaunukan Shenandoah, a kwana a daji, a hau ƙololuwa ranar ƙarshe, uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baban Mubina, kai da ko bene ka hau sai ka huta a tsakiya?"

Mubina ba ta yi dariya ba. Saura sati biyu ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa. Ta ce da Turancinta, don ita Hausa ji take yi, ba ta mayarwa: "Abba, wannan ɗaya dai ka ƙarasa tare da ni."

Jagorarmu wata baturiya ce siririya mai suna Rachel. Tun a bakin daji ta duba guzurin kowa, ta ce wanda abincinsa ya gaza, a mararrabar da za mu isa rana ta biyu za a saukar da shi, don ba ta hawa dutse da mai yunwa. Ban damu ba. Ni har da ƙarin kilishin da Furera ta cusa mini a jaka.

A hutun farko na buɗe leda, ga wani ƙato daga cikin ayarinmu, Desmond, zaune a gefena. Bakina ya yi abin da ya saba tun ina yaro a Kano: na yi masa tayi. A gida amsar sananniya ce. Mutum ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, kowa ya tsira da mutuncinsa da abincinsa. Desmond kuwa ya ce ya gode ƙwarai, ya sa hannu. Yaji ya kawo masa hawaye, ya ce bai taɓa cin abu mai daɗi haka ba, ya yafito sauran mutum biyar.

Shekara ashirin da biyu ina ƙasar nan, amma a ofis kowa gaban kwamfutarsa yake ci. Ban taɓa gwada mutanen nan da yunwa ba.

Na ɗau alkawari ba zan ƙara ba. Sai dai loma ba ta wuce mini in ana kallona. Da kilishi ya ƙare na yi tayin gyaɗa, da gyaɗa ta ƙare na yi tayin burodi. Ba wanda ya taɓa cewa ya ƙoshi. Kafin azahar ɗin rana ta biyu, dabino biyu suka rage mini, mararraba kuma tana gabanmu kaɗan.

Muka zauna bakin wani rafi. Na juya baya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sai Mubina ta zauna kusa da ni, ta turo ledarta.

"Abba, bismillah."

Da Hausa ta faɗa. Bakin nan nawa kuma ya riga ni: "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Haba Abba, ɗan taɓa mana."

"Ci abinki."

Ta ƙulle ledar, ta harɗe hannu, ta ce da karkatacciyar Hausarta, "To in ba ka ci ba, ni ma na fasa." Haka mahaifiyata take yi wa baƙo mai taurin kai. Ban san yarinyar tana kallo ba duk hutun da muka je gida.

Na ci.

Daga nan ta je ta yi wa Desmond bayani. Ya zo yana sosa ƙeya, hannunsa cike da gyaɗa da cakulan, sauran suna biye da nasu. "Bisimila," in ji shi. Na buɗe baki zan ce na ƙoshi, Mubina ta taka mini ƙafa. A mararraba Rachel ta leƙa jakata, ta ce ai na fi kowa guzuri, mu wuce.

Hawan rana ta uku ba zan ƙawata shi ba. Da rarrafe na yi rabinsa. Amma na kai. Tsaunuka shuɗaye sun jeru har inda ido ya gaza, iska tana kaɗa mana riguna. Mubina ta riƙe hannuna ta ce, "Ka ƙarasa, Abba." Na kau da kai, wai ina duba gabas.

A nan na ji wata murya da na sani. "Sannunku da hawa! Ku zo ga shinkafa tun da zafinta."

Furera ce, riƙe da kula. Titin mota ya zo har bayan dutsen. Daga inda ta ajiye motar zuwa ƙololuwar tafiyar minti goma ce, kuma da silifas ta hawo.